Yadda ake sa na'urori biyu su yi magana ta siriyal: daga awon wuta zuwa saitin bod

Wata Talata da hantsi wani saurayi ya shigo shagonmu a nan Yamai, ta wajen kasuwar Katako, riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ta a kan tebur: allon Arduino Uno, ɗan katin SIM800L da ake sa wa layin salula, batir, da tarin wayoyi masu launi-launi. Babansa na da garka a bakin kogi, shi kuma yana so in tankin ruwa ya cika saƙo ya shigo salular tsohon, ya huta da zirga-zirga. Ya ce, "Maigida, yau kwana uku ina ta sauya shirin, ko OK ɗaya katin nan bai ba ni ba." Ban ce ya buɗe kwamfuta ba. Na ce ya jona komai yadda ya saba, na ɗauko mitar awon wuta. Allon na shan wuta daga USB, katin na sha daga batir, amma babu waya ko ɗaya da ta haɗa ƙasan wannan da ƙasan wancan, wato ƙafafunsu na GND. Muka ƙara baƙar waya guda, ya rubuta AT, umarnin da ake gwada katin da shi, nan take OK ya fito.

Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi ya sa nake nanata wa yaran shago cewa aikin siriyal jeri gare shi: wuta tukuna, sai waya, sai sauri da tsarin bit, shiri kuwa, wato umarnin da ake rubuta wa allo, shi ne na ƙarshe. Wanda ya faro daga shiri zai iya cinye mako yana gyara abin da bai lalace ba.

Abin da ke bi ta cikin wayar

A siriyal bayanai na tafiya ne a jere, bit ɗaya bayan ɗaya, kowane bit kuwa 0 ne ko 1, kamar awaki na fita ta ƙofar garke. Sashen da ke wannan aiki a cikin guntuwar lantarki ana kiran sa UART. Ƙafa biyu gare shi: TX, wadda yake magana da ita, da RX, wadda yake sauraro da ita. Babu wayar agogo tsakanin na'urorin biyu, wato babu mai kaɗa musu ganga su taka tare. Kowace na ƙirga lokaci da nata agogon, saboda haka dole su yi yarjejeniya tun kafin a fara.

In layi na hutawa yana zaune a kan 1. Mai magana zai sauke shi zuwa 0 na tsawon bit guda, alamar ga saƙo nan tafe. Daga nan bit takwas na harafin su biyo, ƙaramin bit a gaba, sannan layi ya koma 1 na tsawon bit guda a rufe. Wannan tsari shi ake rubutawa 8N1. Ka ga kowane harafi na cin bit 10 ke nan, don haka a saurin 9600 haruffa 960 ne ke wucewa a daƙiƙa. Ma'aunin saurin shi ake kira bod, daga sunan Bafaranshe Émile Baudot, wanda ya yi fice a aikin tangaraho.

Mataki na farko: gano irin wutar da kowace na'ura ke magana da ita

Nan ne ake ƙona kaya, don haka zan daɗe a nan. Kalmar siriyal ta haɗa gida uku da ba sa shiga juna kai tsaye.

Akwai TTL, wadda ƙananan alluna ke amfani da ita: Arduino, ESP32, katin GPS, katin Bluetooth. A nan 0 na nufin babu wuta, 1 kuwa bolt 5 ne ko 3.3, gwargwadon allon. Akwai RS-232, tsohon ma'auni da aka kafa a Amurka tun 1960, wanda har yau za ka same shi a bayan sikelin awo, inbata, injin buga rasit da wasu na'urorin asibiti, galibi da soket mai ƙafa tara da ake ce wa DB9. Shi lamarinsa a juye yake: 1 na tsakanin bolt −3 zuwa −15, 0 kuwa tsakanin +3 zuwa +15. Na uku shi ne RS-485, mai wayoyi biyu A da B, wanda za mu zo kansa a gaba.

Kada ka yarda da siffar soket. Na sha ganin na'urar cajin batirin sola mai ramin RJ45 sak irin na intanet, alhali RS-485 ne a ciki, har da ƙafar da ke fitar da wuta. In ka cusa shi a kwamfuta ko a ruta kana iya jawo wa kanka asara. Nemi takardar bayanin na'urar ka karanta, sannan ka tabbatar da mita.

Ga yadda ake awon. Kunna na'urar ita kaɗai, ba a jona ta da kowa ba. Sa mita a kan awon bolt na DC. Baƙin tsinke a GND, wato ƙasa, wadda masu gyara a nan suka fi kira mas. Jan tsinke a ƙafar da kake zaton TX ce. In ka ga kusan 5 ko 3.3, TTL ce, kuma ka san ƙarfinta ke nan. In ka ga alamar ragi a gaban lambar, kamar −6 ko −9, to RS-232 ce, ka nisanta ta da ƙafafun allonka.

Tsakanin RS-232 da TTL sai da tafinta. Guntuwar MAX232 ke wannan aiki ga alluna masu bolt 5, MAX3232 kuma na aiki har da masu 3.3. Tana juya alamar, tana kuma ƙera wutar ragi da kanta ta hanyar ƴan kondansa da ke kewaye da ita. Ana samun ta a haɗe a kan ɗan kati mai soket DB9, kuma shi na fi ba da shawarar saye, don ya raba ka da aikin dalma.

Ko a cikin gidan TTL akwai tarko. Uno na magana da bolt 5, ƙafafun ESP32 kuwa ba a yi su don wuce 3.6 ba. In TX na Uno zai shiga RX na ESP32, rage wutar da rezistans biyu: mai om 1000 daga TX zuwa RX, mai om 2000 daga RX zuwa ƙasa. Bolt 5 zai sauko kusan 3.3. Ta ɗaya hanyar, daga ESP32 zuwa Uno, yawanci 3.3 na isa a karanta shi a matsayin 1, ko da yake da ƙyar ya haye iyaka. Wasu za su ce maka sun jona kai tsaye kuma yana aiki. Gaskiya ne yakan yi aiki, amma ni ba na barin irin wannan haɗi a akwatin da zai sha zafin watan Afrilu a bakin rijiya, inda zafi ke wuce digiri 40 kuma mai gyara na nesa.

Mataki na biyu: wayoyi uku

TX na wannan zuwa RX na wancan. RX na wannan zuwa TX na wancan. Ƙasa zuwa ƙasa. Baki ne ke fuskantar kunne. In ka haɗa TX da TX, baki biyu ne ke ihu babu mai ji, kuma ƙafafun na iya lalacewa in ɗaya na tura 1 ɗaya na jan 0.

Wayar ƙasa ita aka fi mantawa, musamman in kowace na'ura na da tata wutar, kamar yadda ya faru da saurayin nan. Bolt ba abu ne da ke tsaye shi kaɗai ba, bambanci ne tsakanin wuri biyu. In na'urorin ba su haɗa ƙasa ba, 5 ɗin wannan ba shi da ma'ana a wurin wancan.

A soket DB9 na kwamfuta, ƙafa ta 2 ce RX, ta 3 TX, ta 5 ƙasa. Amma na'urori irin su modem an juya musu 2 da 3 tun daga masana'anta, don a haɗa su da kwamfuta da miƙaƙƙiyar waya. Daga nan ruɗanin waya miƙaƙƙiya da waya mai giciye ya samo asali, kuma daga waje ba ka iya bambanta su. Mita za ta raba gardama. Auna ƙafa ta 2 da ta 3 a kowace na'ura, baƙin tsinke na kan ta 5. Wadda ta nuna wutar ragi ita ce TX. In duka na'urorin biyu a ƙafa ta 3 suka nuna ragi, waya mai giciye kake bukata. In ɗaya a 2 ɗaya a 3, miƙaƙƙiya.

Game da tsawo, TTL ta cikin akwati ce, taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya ko biyu. RS-232 an saba ƙayyade shi a wajen mita 15.

Mataki na uku: gwada kowace na'ura da kwamfuta, ita kaɗai

Kada ka haɗa na'urori biyu da ba ka taɓa jin muryar ko ɗaya ba. Sayi ɗan adafta na USB zuwa siriyal. Waɗanda suka fi yawa suna ɗauke da guntuwar CH340, CP2102, FT232 ko PL2303, kuma kowace da direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta. Da yawa suna da ɗan maɓalli ko ƴar gada ta zaɓen bolt 5 ko 3.3, duba ta kafin ka jona.

A Windows, buɗe wurin da ake ganin jerin na'urori, wanda a kwamfutocinmu masu Faransanci aka rubuta Gestionnaire de périphériques, ka ga lambar da aka ba adaftar, misali COM3. A Linux zai fito da suna irin /dev/ttyUSB0, kuma in an hana ka buɗe shi, a Ubuntu da Debian sai ka sa sunanka a rukunin dialout. Manhajar hira kuwa, PuTTY ko Tera Term sun wadatar, ko tagar siriyal ta manhajar Arduino. Manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe ƙofar a lokaci guda, don haka in an ce maka ƙofa a kame take, rufe ɗaya tagar.

Fara gwada adaftar kansa. Haɗa TX ɗinsa da RX ɗinsa da guntun waya, ko ƙafa ta 2 da ta 3 in DB9 ne. Rubuta haruffa. In suna dawowa a allo, cire wayar ka ga sun daina. To adafta da direba lafiya lau, ka fitar da su daga zargi. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba.

Mataki na huɗu: sauri da tsarin bit

Yanzu jona na'urar da adafta. Lambobin saurin da aka saba su ne 1200, 2400, 4800, 9600, 19200, 38400, 57600 da 115200. Wasu na'urorin an san nasu: katin GPS na NEO-6M na zuwa a 9600, ƙofar saitin rutocin Cisco ma 9600 ce da 8N1, ESP32 na fitar da bayanan tashinsa a 115200, katin HC-05 na hira a 9600 amma in ka shiga yanayin saitinsa sai ya koma 38400.

Allon kwamfuta zai gaya maka inda matsala take, in ka iya karanta shi. Shiru ƙurmus na nufin waya ce ko wuta: koma baya, sauya TX da RX, duba ƙasa. Tarkacen alamomi marasa ma'ana albishir ne, don saƙo na isowa, saurin ne bai dace ba. Bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. In ka zagaye su duka tarkacen bai gushe ba, ka yi zargin an haɗa RS-232 da TTL babu tafinta. In kuwa yawancin haruffa daidai suke amma wasu na fitowa a karkace, duba tsarin bit.

Harafin tsakiya a 8N1 na maganar bit ɗin tantancewa ne. N na nufin babu shi. E na nufin a ƙara bit guda don adadin 1 ya zama cika, O kuma ya zama mara. Tsofaffin sikeli da dama na amfani da 7E1, wato bit bakwai da tantancewar cika. Duk abin da ɗaya ta zaɓa, sai ɗayar ta zaɓi irinsa sak.

Me ya sa ƙaramin saɓani ke ɓata saƙo? A 9600 kowane bit na ɗaukar kusan kashi 104 cikin miliyan na daƙiƙa. Mai sauraro na leƙa layi a tsakiyar kowane bit. In agogonsa ya ɗan fi sauri, kuskuren na taruwa daga bit zuwa bit, kafin a kai na goma ya leƙa a gidan maƙwabci. Saɓanin da ya doshi kashi 5 cikin 100 ya isa ya rusa komai. Uno mai agogon megahaz 16 ba ya iya fitar da 115200 cif, yana kaucewa da kusan kashi 2 cikin 100, alhali a 9600 kaucewar ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka in bayanan ba su da yawa, kamar tsayin ruwa a tanki ko cajin batir, na fi son 9600. Gaggawar me ake yi da lamba huɗu a minti?

A shirin Arduino, Serial.begin(9600) na ba ka 8N1 kai tsaye. In kana son tantancewar cika, sai Serial.begin(9600, SERIAL_8E1). Ka tuna ƙafa ta 0 da ta 1 a Uno su ne kuma hanyar USB. In wata na'ura na maƙale a kansu, loda shiri zai iya ƙi. Ƙarin shirin da ake kira SoftwareSerial na ba ka damar amfani da wasu ƙafafu, amma kada ka matsa masa da babban sauri. Arduino Mega na da UART huɗu, ESP32 na da uku, kuma a ESP32 kana iya rubuta Serial2.begin(9600, SERIAL_8N1, 16, 17), inda 16 ce RX, 17 TX.

Ƙananan abubuwa biyu da ke hana amsa

Na'urori da yawa ba sa motsi sai sun ga alamar ƙarshen layi. SIM800L na jiran wadda ake kira CR bayan kowane umarni. In ka rubuta AT a tagar Arduino ka ji shiru, duba ɗan zaɓin da ke gefen lambar sauri, ka sa shi a kan NL da CR. Katin kan gane saurinka da kansa daga AT na farko, amma gara ka kafe shi: AT+IPR=9600, sannan AT&W don ya adana. Wutarsa ma sai an kula. Yana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma lokacin da yake neman layi yana iya fizgar amfiya 2, abin da ƙafar Arduino ba za ta iya bayarwa ba. Katin da ke ta mutuwa yana tashi, yunwar wuta ce ke damun sa.

Na biyu shi ne tsarin dakatar da mai magana in mai sauraro ya cika, ko ta wayoyin RTS da CTS, ƙafa ta 7 da ta 8 a DB9, ko ta haruffan XON da XOFF. In wayoyi uku kawai ka ja, kashe wannan zaɓi a ɓangarorin biyu. PuTTY na zuwa da XON/XOFF a kunne, sai ka mai da shi None.

In tazara ta yi nisa: RS-485 da Modbus

A wani aiki da muka yi a wani ƙauye na jihar Tawa, ɗakin batura na nan, injin famfon sola na can bakin rijiyar burtsatse, tsakaninsu tafiya ce mai ɗan nisa cikin yashi. A irin wannan wuri RS-485 ne magani. Ba ya auna wuta daga ƙasa. Bambancin da ke tsakanin A da B yake karantawa. Hayaniyar lantarki da ta faɗa wa wayar tana faɗa wa duka biyun daidai, sai ta soke kanta. Da haka yake kai wa mita 1200 in saurin bai yi yawa ba, kuma na'urori har 32 na iya hawa layi ɗaya.

A nan ba a giciye: A zuwa A, B zuwa B. Sai dai kamfanoni ba su haɗu a kan wace ce A ba, wasu ma D+ da D− suke rubutawa. In ka ji shiru, musanya su, ba abin da zai ƙone. Yi amfani da waya mai tufka. Ta intanet ma ta yi, muddin A da B na cikin tufka ɗaya, ka ɗauki wata ka haɗa ƙasa da ita. Layin ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kada ya yi rassa. A kowane ƙarshe sa rezistans mai om 120 tsakanin A da B, biyu kacal a duk layin. In ka kashe wuta ka auna tsakanin A da B, ya kamata ka ga kusan om 60.

A wancan aiki, da safe komai na tafiya, amma da rana ta take injin ya ɗau gudu sai amsoshi su fara ɓacewa. Da muka tona, ashe wayar saƙo da kebul ɗin famfo a bututu ɗaya aka zura su. Muka ja mata nata bututun daban, matsalar ta kau. Kuma da yake damina na zuwa da tsawa, layin da ya fita waje ya cancanci adafta mai raba wutar ɓangarorin biyu, ko da ya fi tsada.

A wayoyi biyu, ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Katin MAX485, tafinta tsakanin TTL da RS-485, na da ƙafafun DE da RE. Haɗe su wuri ɗaya ka kai su wata ƙafar allonka. Ɗaga su zuwa 1 kafin ka aika, kira Serial.flush() don harafin ƙarshe ya gama fita, sannan ka sauke su zuwa 0 ka saurara. In ka sauke da wuri ka datse wutsiyar saƙonka, in ka makara ka toshe bakin mai amsa.

Yaren da mitocin wuta, inbatoci da injinan famfo suka fi ji a wannan layi shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Shugaba ɗaya ne ke tambaya, sauran na amsawa, kowace da lambarta daga 1 zuwa 247, kuma kada biyu su ɗauki lamba ɗaya. Ƙa'idar Modbus ta fifita 8E1, amma na'urori da yawa na fitowa da 8N1, don haka leƙa saitin kowace a allonta. Don gwaji, aika wa na'ura mai lamba 1 wannan jeri na heks, wato rubutun lamba mai amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F: 01 03 00 00 00 01 84 0A. Ma'anarsa, ke ta ɗaya, karanto min rajista guda, wato gurbin ajiye lamba, daga adireshi 0; biyun ƙarshe lissafin tantancewa ne. Ko amsar ƙin yarda ta dawo, ka san waya da sauri da lamba duk sun yi. In lambobin da kake samu na rajistar kusa ne, ka tuna abin da takarda ta kira 40001 shi ne adireshi 0 a kan waya.

Da komai ya kankama, kafin ka ɗaure murfin akwatin, ɗauki alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa ka rubuta a cikinsa: saurin bod, tsarin bit, lambar kowace na'ura, da launin wayar A, da B, da ta ƙasa. Ɗauki hotonsa da salula, ka tura wa mai wurin kwafi. Sannan ka toshe ramukan da wayoyi suka shiga da silikon saboda ƙurar hunturu, ka bar injin ya yi aiki tun safe har rana ta take kana duba amsoshin kafin ka kama hanyar gida.